Laka a gindin kofi: nazarin jiƙon gahawar wani gida da ƙyallen da aka ɗora wa laifi

Gidan na mutum biyu ne masu shan gahawa, ƙanwata da mijinta, kuma dukansu sun fi son ta da sanyi, ƙanƙara na yawo a ciki. Suna da firiji da bilenda da kwalba mai faɗin baki mai cin lita ɗaya da rabi, ga kuma ƙunshin ƙyallen nan shara-shara da ake tatar cuku da shi. Kayan aiki dai sun cika, amma abin da ke fitowa daga kwalbar bai taɓa gamsar da kowa ba. Gahawar takan fito a gurɓace, in an ɗaga kofin gilashi haske ba ya ratsa ta, kurɓin ƙarshe kuma sai mutum ya ji ɓurɓushi a haƙoransa. Daga baya wani wari ya shigo, wanda maigidan ya ce na tsohon mai ne haɗe da turare. Hukuncin da aka yanke a gidan shi ne ƙyallen ba shi da kyau. Aka jefar da shi aka yanko sabo. Warin ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo, lakar kuwa ko gezau. A nan ne ta neme ni.

"Yaya, anya ƙyallen nan na abin sha ne kuwa?" in ji ta. "Na ninka shi, na matse shi har hannuna ya yi ciwo, amma sai garin ya ratso."

Na ce ta haɗa yadda ta saba, ni zan zauna in kalla, ba zan sa baki ba.

Yadda ake haɗawa a gidan

Ta zuba ƙwayoyin gahawa a ƙaramin kofin bilenda, wanda take niƙa kayan ƙamshi da shi, ta danna ta riƙe har ƙarar injin ta daina ƙwaras-ƙwaras ta koma sumul. Ta auna giram 125 a sikeli, ta zuba a kwalba, ta bi shi da ruwan sanyi lita ɗaya, ta juya, ta rufe. Awon nan ba shi da laifi: kashi ɗaya na gahawa ne ga kashi takwas na ruwa, wanda ke ba da jiƙo mai ƙarfi da ake tsinkawa kafin a sha. Kwalbar ta kwana a kan kantar kicin, daga yamma zuwa yammacin washegari.

Wurin tatar ne na fi zuba ido. Ta ɗauki kwalbar ta girgiza da ƙarfi, don kada wani abu ya maƙale a ƙasa. Ta shimfiɗa busasshen ƙyalle ninki biyu a bakin kwano, ta tuttule komai lokaci guda. Ruwan da ya fara sauka gurɓatacce ne, amma da dusar gahawar ta taru a kan ƙyallen sai ya soma washewa, ya koma ja mai duhu, ana hango gindin kwanon ta cikinsa inda yake zuba. Sai ta tattara kusurwoyin ƙyallen huɗu ta soma murɗawa. Nan take launin ya sauya. Abin da ke tsattsafowa tsakanin yatsunta ya yi kauri, ya koma ruwan ƙasa, ƙananan idanun mai suka bazu a saman kwanon. Ta ɗauraye ƙyallen sama-sama, ta rataye shi a ninke a wuyan famfo.

Tun kafin mu ɗanɗana na ga cewa matsala biyu ce aka haɗa aka kira ta ɗaya. Lakar daban, warin daban, kuma kowanne da tushensa. Sauya ƙyallen da suka yi ya nuna haka, sai dai ba su karanta shi ba: sabon ƙyalle ya kori wari bai taɓa laka ba. Ashe warin yana zaune ne a jikin ƙyallen da aka yi amfani da shi, lakar kuma daga wani wuri take zuwa.

Abin da ƙyallen zai iya da wanda ba zai iya ba

Ƙyallen tatar cuku saƙar auduga ce mai buɗaɗɗun idanu, kuma ba iri ɗaya ba ne. Masu yin sa kan ba shi lamba gwargwadon yawan zaren da ke cikin kowane inci. Mai lamba 10 yana da zare 20 a tsaye da 12 a kwance. Mai lamba 50 yana da 28 da 24. Mai lamba 90, wanda saƙarsa ta fi matsewa, yana da 44 da 36. Ƙunshin da ke gidan ba a rubuta masa lamba ba, sai muka shimfiɗa shi a kan baƙin faranti, muka aza rula muka ƙirga. Zaren ya tashi wajen ashirin a inci ɗaya. Mafi sakacin saƙa ke nan a cikinsu.

Inci ɗaya milimita 25.4 ne. To a mai lamba 10, tsakanin zare da zare ya haura milimita ɗaya ta gefe guda, ya kai biyu ta ɗaya gefen. Ko a mai lamba 90 tazarar ta ɗan haura rabin milimita, kafin a cire kaurin zaren kansa. Ƙurar da ke cikin niƙaƙƙiyar gahawa kuwa, wadda ita ce ke zama laka, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Babu ƙyallen cukun da idonsa zai tare ta. Ba kuma don haka aka saƙa shi ba. An yi shi ne don ya riƙe dunƙulen madarar da ta tsinke, ruwanta ya wuce da sauri. Dunƙulen manya ne, suna manne wa juna, shi ya sa saƙa mai faɗin ido ta wadatar.

To me ya sa wasu ke samun tatacciyar gahawa garai-garai da irin wannan ƙyallen? Abu biyu ne ke taimakonsu. Na farko, idan an ninka shi huɗu ko fiye, idanun ba sa faɗawa daidai kan juna, sai hanyar ruwan ta zama karkatacciya, ƙura ta riƙa maƙalewa a lungu-lungu. Na biyu ya fi muhimmanci, kuma shi ne muka gani da idonmu lokacin da ruwan ya washe: dusar da ta taru a kan ƙyallen ita ce mataci na gaskiya. Manyan tsaki su kwanta, ƙanana su cike tsakaninsu, ruwa ya bi ta cikin wannan shimfiɗa ya bar ƙurarsa a baya. Aikin ƙyallen kawai ya tallafe shimfiɗar. Duk abin da ya rusa ta, ko girgiza ko tuttulewa ko matsa, ya mayar da tatar baya.

Niƙan

Na ɗebi cokali ɗaya daga abin da bilendar ta niƙa na baza a farin faranti. Ga gutsattsarin da suka kusa kwatar ƙwaya, ga matsakaita, ga kuma gari luƙui da ke manne wa yatsa, kuma shi ya fi yawa. Haka injin mai wuƙa yake: sara yake yi, duk abin da wuƙar ta tarar ta sake saransa, ba ruwanta da ko ya riga ya yi laushi. Ita kuma ƙanwata tana riƙe maɓallin ne har sai manyan gutsattsarin sun ɓace, kafin nan sauran sun zama ƙura. Injin da aka ƙera don gahawa yana da haƙora biyu masu tazara tsayayya a tsakaninsu, ƙwaya ba ta wucewa sai ta kai girman tazarar, da ta kai kuma ta faɗi ta huta.

Jiƙon sanyi ɓarzajjiyar gahawa yake so, tsaki mai kaurin wajen milimita ɗaya da ake ji a yatsa. Tunda sa'o'i zai yi a ruwa, ba ya bukatar laushin da gahawar zafi, mai jiƙa cikin minti huɗu, ke bukata. Gidan ba su da injin haƙora, don haka muka yi dabara da abin da ke hannu: a zuba kaɗan-kaɗan, a danna a saki, a girgiza kofin, a sake dannawa, a tsaya tun akwai tsaki. Sannan a tankaɗe da rariya mai ƙananan ido. Abin da ya faɗi ƙasa a ajiye shi don gahawar zafi, abin da ya tsaya a sama shi ne na jiƙo. Wannan kaɗai ya rage lakar fiye da duk wani sauyi da aka yi daga baya.

Matsar, da dalilin da ya sa take yin ta

Ban so in ce mata kawai ta daina matsewa ba, domin tana da hujja. Ta zuba lita ɗaya, amma abin da ke sauka da kansa bai wuce kashi uku cikin huɗu ba.

"Ai asara ce, Yaya," ta ce. "Ga shi nan jagab a cikin dusa, in zubar?"

Lissafinta daidai ne. Niƙaƙƙiyar gahawa takan riƙe ruwa kimanin ninki biyu na nauyinta, wato giram 125 zai shanye wajen mililita 250. Sai dai mafi yawan wannan ruwan yana cikin jikin tsakin ne, hannu ba ya iya fito da shi. Da aka sake haɗawa, sai muka bar ruwan ya sauka da kansa a kwano ɗaya, muka matse ragowar a wani kofi dabam. Duk ƙarfin da ta sa, abin da ya fito bai cika rabin kofi ba. Na miƙa mata shi. Ta kurɓa ta yatsine fuska: ɗaci, bauri mai ɗaure harshe, da gari. Ta kurɓi na kwanon, ta yi shiru, ta sake kurɓa.

Wannan rabin kofin shi ne take juyewa a cikin sauran kullum. Matsa tana buɗe idanun ƙyallen, tana farfasa shimfiɗar dusar, tana tura ƙura da mai su wuce. Kuma ɓarnar ba ta tsaya a ranar ba. Ƙurar da ta shiga kwalbar ajiya tana ci gaba da jiƙa a firiji, shi ya sa gahawarsu ta kwana uku ta fi ta ranar farko ɗaci. Wanda ke jin zafin asarar, ya fi masa ya ƙara ruwa da gahawa tun wajen awo, ya san cewa kwata ɗaya rabon dusa ne.

Ga tsarin tatar da aka koma kai. Ba a girgiza kwalbar. Ana ɗauko ta a hankali, dusar na kwance a ƙasa. Ana jiƙa ƙyallen da ruwa a matse shi tukuna, domin busasshe yana shanye gahawar, jiƙaƙƙe kuma ya fi lafewa a jikin rariya. Ana ninka shi huɗu, a shimfiɗa a cikin rariya, rariyar a kan kwano, don nauyin ya hau kanta maimakon hannu. Ana tsiyaye ruwan sama a hankali, dusar ta biyo a ƙarshe, a bar ta ta ɗiga har ta gaji. Daga nan a zuba a kwalba mai tsafta a sa a firiji. Bayan 'yan sa'o'i ragowar ƙurar za ta kwanta, kamar yadda gurɓataccen ruwa ke kwantawa in an bar shi a bokiti, sai a tsiyaye saman zuwa wata kwalbar.

Warin

Wannan ya fi sauƙin ganowa. Na ɗauki ƙyallen da ke wuyan famfo, wanda a wurinta wankakke ne, na tsoma shi a kofin ruwan zafi zalla. Bayan 'yan mintuna ruwan ya yi rawaya-rawaya, warin da maigidan ke faɗa ya taso sosai. Da na bi ba'asi, ƙyallen nan shi ne ake tace romo da shi, shi ne na gahawa, kuma in ya yi datti ana haɗa shi da tawul ɗin kicin a wanke da garin sabulu mai turare, har da ruwan tausasa kaya.

Auduga tana shan mai. Man gahawa da kitsen romo suna shiga cikin zaren, ruwan sanyi ba ya fitar da su, iska kuma na lalata su sannu a hankali har su soma wari. Turaren sabulun wanki da ruwan tausasa kaya an yi su ne musamman don su zauna a jikin yadi bayan ɗauraya, to sun zauna, kuma duk ruwan da ya ratsa sai ya ɗebi rabonsa. Rataye shi a ninke da danshi ya ƙara nasa, don a cikin ninkin ne fumfuna ke samun wurin zama. Kofin bilendar ma da hannunsa a ciki: robarsa ta riƙe ƙamshin kayan da aka saba niƙawa, gahawa kuma ba ta da wuyar ɗaukar ƙamshin maƙwabcinta.

Maganin bai ci kuɗi ba. Ƙyallen gahawa ya zama na gahawa kaɗai, aka ɗinka masa jan zare a kusurwa don kada a rikita shi. Da an gama tata a kakkaɓe dusar, a wanke shi nan take da ruwan zafi, ba sabulu mai ƙamshi. Lokaci-lokaci a tafasa shi minti biyar zuwa goma da ɗan bekin soda, a ɗauraye sosai, a shanya shi a buɗe har ya bushe ƙarau kafin a ninke. Sabon ƙyalle ma a tafasa shi kafin a fara aiki da shi, a kuma kalmashe bakinsa a ɗinke, in ba haka ba zaren da ke zarewa daga inda almakashi ya bi zai riƙa faɗawa cikin abin sha. A Japan, masu tace gahawa da ƙyallen fulanel ba sa barin nasu ya bushe sam, a cikin ruwa mai tsafta suke ajiye shi a firiji suna sauya ruwan, don kada man da ke jikinsa ya haɗu da iska. Hanya ce mai kyau ga mai tata kullum. Ga wanda ke yi sau ɗaya a mako, tafasawa da shanyawa sun fi aminci. Wani abu da ya kamata a kula: akwai irin wannan ƙyallen da ake sayar wa masu fenti don goge ƙura, an shafa masa abu mai danƙo. Wannan ba ya kusantar abinci.

Sa'o'i nawa, kuma a ina

Barin kwalbar sa'a 24 a kan kantar kicin ya samo asali ne daga tunanin cewa in ya daɗe zai fi ƙarfi. Masu bincike biyu a Filadalfiya ta Amurka, Megan Fuller da Niny Rao, sun auna wannan a wani nazari da suka wallafa a 2017, suka ga kafeyin, sinadarin nan mai hana barci, da ke fita daga gahawa zuwa ruwan sanyi yana kaiwa iyakarsa cikin sa'a shida zuwa bakwai. Abin da ake samu bayan nan sauyin ɗanɗano ne. Sa'a 12 a zafin ɗaki ta isa, a firiji kuma 16 zuwa 20, don sanyi na rage saurin jiƙa.

Na ba su shawarar firiji, kuma ba don ɗanɗano kaɗai ba. Jiƙon sanyi bai taɓa ganin wuta ba, babu tafasar da ta kashe abin da ya shigo ta hannu ko kwalba ko ƙyalle. Tsaminsa ma bai kai ya tsare shi ba. A nazarinsu na 2018, waɗannan masu binciken sun sami ma'aunin tsami na pH tsakanin 4.85 da 5.13, a gahawar sanyi da ta zafi duka, alhali masana adana abinci suna ɗaukar duk abin da ya haura 4.6, wato mai ƙarancin tsami, a matsayin wanda ƙwayoyin cuta ke iya rayuwa a ciki. Saboda haka firiji mai digiri 4 ko ƙasa, kwalba a rufe, a shanye cikin mako guda, kuma ba a zuba madara sai a kofin da za a sha.

Sakamakon nan ya taɓa wani abu da maigidan ya yi imani da shi, cewa jiƙon sanyi ba shi da tsami don haka ba ya tayar masa da ƙwannafi. Gaskiyar da ke ciki ita ce ruwan zafi ya fi fito da jimillar sinadaran tsami, shi ya sa ta sanyi ta fi laushi a baki. Amma a ma'aunin pH kusan kunnen doki suke. In yana jin sauƙi da ita, madalla, sai dai kada ya ɗauke ta magani.

Ƙanƙarar da abin da ta koya wa maigidan

Akwai koken da bai fito ba sai da muka zauna da shi. Ranar da kwalba ta ƙare, yakan dafa gahawa da zafi ya juye a kan ƙanƙara, sai ta fito tsararo, lami. Wannan ba laifin kowa ba ne, lissafi ne. Giram ɗaya na ƙanƙara yana shanye zafin da ya kai jul 334 (jul ma'aunin yawan zafi ne) kafin ya narke, giram ɗaya na ruwa kuma yana sakin wajen jul 4.2 a duk digiri ɗaya da ya sauka. Don a sauko da giram 200 na gahawa daga digiri 85 zuwa 5, sai ƙanƙara kusan giram 190 ta narke a ciki. Wato an tsinka ta da ruwa kusan daidai da yawanta.

Gyaran shi ne a lissafa ƙanƙarar cikin ruwan haɗi tun farko, yadda ake yi a Japan. Giram 30 na gahawa, giram 300 na ruwan zafi mai digiri 90 zuwa 96, giram 200 na ƙanƙara a cikin abin da za a tace a kai. Gahawar ta fito da ƙarfi, ƙanƙarar ta narke ta daidaita ta, kuma ƙamshin da ruwan zafi ke fitarwa, wanda jiƙon sanyi ba ya kaiwa gare shi, ya tsaya a ciki. Da ƙyallen cuku, kada a zuba ruwan ta kan garin yana cikin ƙyalle, zai wuce da gudu bai ɗebi komai ba. A jiƙa a tukunya minti huɗu, sannan a tace a kan ƙanƙarar. Sukari kuma ba ya narkewa da daɗi a ruwan sanyi, gara a narkar da shi da ruwan zafi daidai yawansa a ajiye a ƙaramar kwalba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'ar da wannan tsararon ya bar masa. Saboda tsoron lami, ya koma shan jiƙon kwalbar yadda yake, babu tsinkawa, babban kofi cike, wani lokaci da la'asar. Ƙwayar gahawa nau'in arabika tana da kafeyin kimanin kashi 1.2 cikin ɗari na nauyinta, nau'in robusta kuma kusan ninkin haka. Giram 125 na arabika na ɗauke da wajen miligiram 1,500. In mafi yawansa ya fita cikin lita ɗaya, kofi mai mililita 300 zai iya haura miligiram 400, wanda shi ne abin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ke ambatawa a matsayin iyakar yini guda ga baligi mai lafiya. Ga mai juna biyu, likitoci kan ce kada a wuce 200.

"Shi ya sa nake juyi har tsakar dare," ya ce, yana duban matarsa.

Jiƙon da ya fito daga firiji ya riga ya yi sanyi, ƙanƙara kaɗan ce za ta narke a cikinsa, don haka dole a tsinka shi da hannu: rabi jiƙo, rabi ruwa ko madara. Don kada abin ya salance in kofi ya daɗe a ajiye, ƙanwata ta soma daskarar da tsinkakkiyar gahawa a farantin ƙanƙara tana jefa masa.

Inda aka tsaya

Lakar ta ragu ƙwarai amma ba ta ƙare ba, kuma ba za ta ƙare ba muddin bilenda ce ke niƙa. An sayo ƙyalle mai lamba 90, wanda ninki biyu nasa ya yi aikin da huɗu na tsohon ke yi, kuma yana jure wanki. Tsohon mai faɗin ido bai tashi a banza ba. Da shi ake tace romo, ake ƙulle ganyaye da kayan ƙamshi a jefa a tukunya a tsame su gaba ɗaya, ake rataye yogot a firiji ya tsane ya yi kauri. A waɗannan ayyuka faɗin idonsa ne amfaninsa.

Saɓani ɗaya ya rage tsakaninsu, kan takarda. Ita tana so bayan ƙyalle a sake bi da takardar tace gahawa, irin wadda Melitta Bentz ta ƙirƙiro a Diresdin ta Jamus a 1908. Takarda tana kama ƙurar da ƙyalle ya sake, tana kuma riƙe man gahawar. In aka fara da ita kai tsaye toshewa take yi, amma bayan ƙyalle ya kwashe dusa tana tafiya lafiya, abin da ya fito kuma garau yake. Shi kuwa ya ce takarda na kwashe wa gahawar nauyinta a baki, kuma ya yi gaskiya, man ne ke ba da wannan nauyin. Ni dai na fi karkata ga takardar a wurinsa, domin a cikin man akwai sinadarin kafestol da aka tabbatar yana ɗaga kolestarol a jini, shi kuma mai sha ne na kullum. Bai karɓa ba tukuna. Yanzu kwalba biyu ce a firijin, tata da ta ratsa takarda, da tasa da ta tsaya a ƙyalle, wadda yake tsiyayewa a hankali ya bar kaurin yatsa ɗaya a gindi ya zubar.